Na Ce wa Likita Legas Ya Je

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Sunana Sale. Gidana yana Zawaciki. Ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, ni ne shugaban ma'aikata a ɓangaren da ake jiƙa fata a kankare gashi. Bokona bai wuce firamare ba, don haka wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi mini uzuri. Na zauna rubuta shi ne bayan arba'in ɗin ɗana na fari, saboda duk wanda nasa ya yi doguwar tafiya ya dawo da ciwo ya san abin da zai yi da abin da zai kiyaye. Zan bi abin daki-daki, mako bayan mako. Ba zan ɓoye laifin kowa ba, kuma mafi girman laifin nawa ne.

Sai na fara da tafiyar, don ita ce tushen komai.

Sunan yaron Ibrahim, sunan mahaifina, shi ya sa ake ce masa Abba a gida. Ni yadda aka raine ni, uba ba ya zaman hira da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba ma sa hannu a kwano ɗaya. In ina da saƙo sai in ce wa mahaifiyarsa Hajara, "Ki gaya wa yaron nan kaza." Ita ta daɗe da yar da wannan kunyar, hira suke yi kamar abokai. Ni ne na riƙe ta da hannu biyu, ina ganin tarbiyya ce.

Ya yi difloma a aikin lantarki. Ni na yi ta sintiri har na samo masa aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Shekara uku ya yi ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya zo ya durƙusa a bakin tabarmata.

"Baba, na ajiye aiki. Ina so in yi tafiya."

"Fatauci?"

"A'a."

"Karatu?"

"A'a, Baba."

"To, wani ya yi maka alkawarin aiki a can?"

"Ba kowa. So nake in ga ƙasashe. In bi bakin teku har Sanagal, in zagayo ta sama in dawo. Inda guzuri ya ƙare in yi gyaran wuta in ƙara gaba."

Na ce masa tafiya huɗu na sani: ta fatauci, ta neman ilimi, ta zumunci, ta aikin hajji. Ta biyar sunanta yawon duniya, kuma ba a taɓa haihuwar mai yin ta a gidanmu ba. Ya ce in yi haƙuri. Na ce ban yi ba. Bayan kwana tara ya tafi da jakar goyo guda ɗaya, dardumar salla a naɗe a samanta, filaya da testa a aljihun gefe.

Shekara biyu da wata biyu ya yi. Yana kiran wayar mahaifiyarsa, ni ban taɓa karɓa ba. Duk wanda ya tambaye ni, a masallaci ko a wurin aiki, amsa ɗaya ce: yana Legas, yana koyon gyaran manyan janareto. Na faɗa har bakina ya saba.

Ranar da ya dawo ya rame, ya yi baƙi, jakar ta koɗe, an ɗinke hannunta da zaren buhu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, na fara sauka ne a Kwatano, daga nan..." Na ɗaga masa hannu. Wannan karon kai tsaye na yi masa magana, na kafa doka uku. Ta ɗaya, ba za a sake tada maganar tafiyar nan a gidan nan ba, shi da uwarsa da ƙannensa. Ta biyu, duk wanda ya tambaya, Legas ya je. Ta uku, ranar Litinin zai fara aiki a kamfaninmu, a ƙarƙashin Yohanna, shugaban masu gyaran wuta, mutumin kudancin Kaduna da muka fi shekara ashirin muna aiki tare. Ya ce, "To, Baba."

Yanzu sai ciwon.

Mako na ɗaya da na biyu. Wata guda da fara aikinsa zazzaɓi ya kama shi, da ciwon kai mai tsanani. Aka je kemis na bakin titi aka yi masa allurar maleriya kwana uku. Ya warware ya koma aiki. Daga baya na ji cewa irin wannan zazzaɓin ya daɗe yana zuwar masa yana tafiya tun yana kan hanya. A lokacin ban sani ba, don ban tambaya ba.

Mako na uku. Zazzaɓin ya dawo, ga ƙaiƙayi a duk jiki, yana susa har fata na fashewa. Na ce ruwan jima ne, kowane sabon ma'aikaci sai ya yi wannan. Amma shi ba ruwa yake taɓawa ba, waya yake taɓawa. Muka je asibitin da kamfani yake tura ma'aikatansa, a Bompai, mu uku a adaidaita sahu. Da aka kira shi, Hajara ta miƙe za ta bi mu. Na nuna mata benci na ce ta jira. Ni na shiga da shi.

Likitan dattijo ne. Ya auna shi, sannan ya ce, "Ka yi tafiya kwanan nan?"

Kafin yaron ya buɗe baki na ce, "Legas. Shekara biyu ya yi a can."

Likita ya dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne."

Ina so mai karatu ya tsaya a nan. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai ƙaryata ubansa a gaban baƙo ba, ko da ransa zai tafi a kai. Ni na koya masa haka. Likita ya rubuta Legas, aka gwada jini, aka ce taifot ne da maleriya, aka ba mu magani cike da leda.

Mako na huɗu ya ɗan ji sauƙi.

Mako na biyar da na shida. A nan barcin ya fara. Da farko gyangyaɗi ne a hanyar zuwa aiki. Sai aka same shi yana barci a tsaye, ya jingina da allon wuta, filaya a hannunsa. Bayan kwana biyu aka same shi kwance a kan tarin ɗanyar fata mai gishiri, inda ko kare ba ya tsayawa don wari, yana minshari da hantsi. In dare ya yi kuma idonsa biyu.

Ni abu biyu na kawo a raina, ko lalaci ko ƙwaya. Na ce yawon duniya ya koya masa shaye-shaye. Na zazzage jakarsa a tsakar gida, ban ga komai ba sai fasfo, da tsofaffin tikitocin mota, da wasu ɓawon katantanwa na bakin teku. Na mayar, ko buɗe fasfon ban yi ba. Washegari na tsayar da shi a gaban ma'aikata na yi masa faɗa, na ce sau biyu ke nan yana zubar mini da mutunci. Yana tsaye yana saurare, idonsa yana rufewa. Na ɗauka raini ne.

A ranar, lokacin hutun azahar, Yohanna ya same ni a rumfar mai abinci, ya zauna da kwanonsa kusa da ni.

"Malam Sale, ka taɓa lalube wuyan yaron nan?"

"Rago ne da zan lalube wuyansa?"

"Ba wasa nake ba. Akwai ƙulle-ƙulle a bayan wuyansa kamar gyaɗa. Kakana ya sha ba mu labari, a zamaninsu jera mutanen gari ake yi ana taɓa musu wuya ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ji ƙulli sai a ware shi. Ciwon barci ne. Ƙudan tsando ke kawo shi, a bakin rafi mai duhuwa."

"Wane tsando ne a Legas? Can sai sauro da hayaƙin mota."

Ya ajiye cokali ya dube ni. "Legas ɗin nan taku da faɗi take, Malam. Jiya na ji shi a waya yana zuba Faransanci."

Na ce masa ya kula da wayoyinsa, ni in kula da gidana. Na daina gaishe shi. Wannan ita ce ƙofa ta biyu da Allah ya buɗe mini na rufe da hannuna. Maganarsa kuwa ban kai ta gida ba.

Mako na bakwai zuwa na tara. Kamfani ya ba shi hutun rashin lafiya. Yayata Asabe ta zo daga Kumbotso. Ita tana cikin 'yan kaɗan da suka san gaskiyar tafiyar. Ta leƙa shi yana kwance, ta fito ta zauna.

"Sale, wannan ba na asibiti ba ne. Yaro mai hankali ya ajiye aiki ya bi duniya haka kawai? Kurciya aka yi masa. Ta dawo da shi amma ba ta sake shi ba."

Maganar ta yi mini daɗi, don ta wanke ni ta wanke shi, ta ɗora laifin a kan wani maƙiyi da ba mu sani ba. Aka shiga rubutu da hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Maƙwabta ma kowa da tasa. Wani ya ce shawara ce, a ba shi ruwan rake. Wata ta ce a riƙa ba shi goro da gahawa mai ƙarfi. Aka ba shi, ya yi barci da goron a kumatu. Muka kawo mai ruƙiyya, wani malami matashi, Allah ya saka masa da alheri. Kwana uku ya yi yana karatu, a na ukun ya ja ni gefe ya ce, "Baba, ni ban ga alamar aljani a nan ba. Ku ci gaba da addu'a, amma ku koma asibiti." Ko sadaka bai karɓa ba.

A makonnin nan halinsa ya sauya. Yaron da bai taɓa ɗaga murya a gidan ba, ya jefi ƙanwarsa Rabi da kwanon sha don ta ce ya matsa ta yi shara, sannan ya zauna yana dariya. Hannunsa ya fara rawa. In yana tafiya kamar mai maye. Maganarsa ta fara sarƙewa.

Mako na goma zuwa na sha biyu. Muka koma wani asibitin gwamnati a cikin gari. Wanda bai san layin kati ba, ga tsarinsa: a fito bayan asuba, a karɓi lamba, a bi layin kati, a bi layin awon jini, a koma layin likita. In an yi sa'a a gan shi kafin la'asar. Abba yana zaune a tsakaninmu, kansa a kafaɗar mahaifiyarsa. Wani tsoho mai ciwon ƙafa da ke gefenmu ya ce, "Ɗan nan naku ya fi mu dabara. Mu muna jira ido biyu, shi yana jira a barci." Aka yi dariya. Hajara ba ta yi ba.

Da layi ya zo kanmu na sake nuna mata benci. Likitan ya gaji, mutane sun yi masa yawa, amma ya yi tambayar. Na sake cewa Legas. Ya sa aka gwada ƙanjamau da tarin fuka, duk babu. Da ya ji labarin jifa da dariya sai ya tura mu ɓangaren masu taɓin hankali. Can ma aka tambaya, can ma na amsa, can ma tana waje. Suka ba shi ƙwayoyin kwantar da hankali. Mai barci aka ƙara wa barci. Ba na ganin laifinsu, da abin da na ba su suka yi aiki. Ƙorafina ɗaya ne: a duk likitocin nan ba wanda ya ce mini, "Dattijo, fita ka ba mu wuri." A tsakanin nan na sayar da babur ɗina, Hajara ta sayar da keken ɗinkinta.

Mako na sha uku. Yana cin tuwo barci ya ɗauke shi da loma a baki, ta sarƙe shi, ya yi shuɗi. Rabi ce ta sa yatsa ta zaro. Muka ɗauke shi zuwa babban asibiti. Kwana biyu muka yi a baranda a kan gadon da ake tura marasa lafiya kafin a sami gado. Aka ce jininsa ya yi ƙasa, a kawo masu bayarwa. Ban kira kowa ba, amma kafin azahar sai ga Yohanna da ma'aikata huɗu, da kayan aikinsu a jiki, warin fata ya cika barandar. Ban nemi gafararsa ba, shi ma bai jira ba. Ya naɗe hannun riga ya bi nas.

Mako na sha huɗu. Likitar da ke zagayen ɗakin mace ce, yarinya, ba za ta girmi Abba da yawa ba, da tabarau da farin mayafi. Ranar Hajara ta koma gida dafa kunu, ni da Yohanna ne a bakin gadon. Ta duba takardun tun daga na Bompai, ta girgiza kafaɗar Abba ta ce, "Ibrahim, ina ka zauna kafin ka dawo Kano?"

Na ce, "Legas."

"Baba, shi na tambaya."

Bai farka ba. Sai Yohanna ya ce, "Likita, ki yi haƙuri, ni ba ɗan gida ba ne. Ki taɓa bayan wuyansa."

Ta sa hannu biyu ta lalube. Ta daɗe. Sannan ta juyo ta dube ni, ta faɗi maganar da har in mutu ba za ta fita daga kunnena ba.

"Baba, ni ba surukarku ba ce, ba binciken aure nake yi ba. Magani nake nema masa. Kunyar da kuke ji ku ajiye ta a bakin ƙofa, in kun fita ku ɗauka. Ina ya je?"

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na tarar ba ni da ita. Ban san inda ɗana ya je ba. Kwatano kawai na sani, don a nan na katse shi. Na ce mata ta ba ni awa biyu.

Na hau adaidaita sahu har Zawaciki na ɗauko fasfon. Muka buɗe shi a kan teburin nas-nas, tana karanta hatimi ina jerawa a takarda. Benin, Togo, Gana, Kodebuwa, Laberiya, Saliyo, Gini, Gini Bisau, Gambiya, Sanagal, Mali, Burkina, Nijar. Wasu ƙasashen mako uku ya yi, wasu wata biyu. Ta ɗora yatsa a kan Gini ta ce, "A nan ya yi wata bakwai. Ku tambaye shi me ya yi a can. Duk sanda ya farka ku tambaye shi."

A lokacin farkawarsa ba ta wuce minti goma, sau uku ko huɗu a yini. Na ja kujera na zauna daf da kansa, na jira. Wannan ita ce hirata ta farko da ɗana. Yana da shekara ashirin da tara.

Da ƙyar nake gane maganar. Ya ce guzuri ya ƙare masa a gaɓar tekun Gini, inda koguna suke shiga teku, itatuwa suna tsaye cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Ya shiga aiki a jirgin kwale-kwale mai ɗauko itacen girki daga cikin duhuwar. Ya ce akwai wasu ƙudaje masu cizo ta cikin riga kamar allura mai zafi, kuma ɗaya ya bar masa maruru a kafaɗa. Na rubuta na kai wa likita. Aikin da ta sa ni ke nan, ya ƙare. Amma na dawo kujerar na ce, "Daga nan sai ina?"

Ya buɗe ido ya dube ni, yana son ya tabbatar ni ne na yi tambayar.

A kwana huɗu ya ba ni abin da ya iya. Ya ce a kan tsaunukan Gini wata tsohuwar Bafulatana ta yi jinyarsa kwana goma, ba ta jin Hausa ba ya jin Fulatanci, ya biya ta da gyara mata fitila mai aiki da hasken rana. Ya ce a Saliyo mota ta maƙale a taɓo kwana biyu, fasinja suka dafa shinkafa a tukunya ɗaya. Ya ce a kowane gari in ya sauka zango yake nema, kuma bai taɓa kwana da yunwa inda ake jin Hausa ba. Ya ce a Dakar ya tsaya inda ƙasa ta ƙare, gabansa ba komai sai ruwa, ya yi sallar magariba a kan dutse.

"Baba," ya ce, "a Kumasi na ga wani tsoho mai irin tafiyarku. Hannu a baya, fuska a ɗaure. Ina shan shayi, ban san sanda na miƙe tsaye ba."

Na ce, "Ka gaishe shi?"

"Na gudu."

Ya yi dariya, na yi. Bai kai ga Mali ba. Abin da ya gani daga Sanagal zuwa gida ban ji ba, kuma ba zan ji ba.

Mako na sha biyar. Suka soka allura a ƙullin wuyan suka ɗebi ruwa. Suka lanƙwasa shi suka ɗebi ruwan ƙashin baya, ni na riƙe gwiwoyinsa. Likitar ta kira ni ofis ta ce ciwon barci ne, kuma ya riga ya shiga ƙwaƙwalwa. Ta ce maganin ba a sayar da shi a kemis, kyauta ake bayarwa, amma ba a ajiye shi a nan don an daɗe ba a ga cutar ba. Sai an rubuta takarda sama, su ma su nemo daga waje. Na tambaye ta me zai faru da an gano tun a makon Bompai. Ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Da ƙwayoyi zai sha na 'yan kwanaki ya koma aikinsa." Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

A makon aka riƙa kawo ɗaliban likita rukuni-rukuni suna taɓa wuyansa, don ba su taɓa gani ba sai a littafi. Na san karatu ne. Amma ko sallama wasunsu ba sa yi wa uwarsa.

Mako na sha shida da na sha bakwai. Jira. Ya daina haɗiya, aka zura masa roba ta hanci. Na tsara jinyar kamar aikin kamfani, don shi kaɗai na iya. Hajara daga safe zuwa la'asar, ni daga tashi aiki. A juya shi duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu. A goge shi da ruwan ɗumi, a shafa mai a ƙugu da diddige. Kunu ta roba sau biyar, a ɗaga kansa kafin a zuba. Duk da haka gyambo ya fito masa a ƙugu. Sannan tari ya shiga, suka ce kunu ya bi ta huhu ya zama limoniya.

Yaya Asabe ta zo ta ce, "Sale, ku mai da shi gida ya cika a ɗakin uwarsa. Wannan wahala ce kawai." Na ce magani yana hanya. Ta ce, "Wace hanyar?" Kullum in na shigo likitar nake fara nema da ido, ita kuma tun daga nesa take girgiza mini kai. Na san tana buga waya, na sha ganinta a baranda tana faɗa da wani a kan takardar.

Mako na sha takwas. Maganin ya iso ranar Talata, a ɗan kwali da ba zai cika jakar hannu ba. Likitar ta ce, "Baba, ya zo, amma jikin ya yi nisa. Za mu gwada." Aka ɗaura masa ta jijiya. Laraba babu canji. Alhamis bayan azahar numfashinsa ya riƙa tsayawa yana dawowa. Hajara tana riƙe da hannunsa, ni ina yi masa kalmar shahada a kunne. Ban san ko ya ji ba. Bai farka ba, ya wuce daga wannan barcin zuwa wancan. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kafin magariba muka kai shi. Yohanna da mutanensa suka tsaya daga gefen maƙabarta har aka gama.

Ga abin da nake so a ɗauka. Na ɗaya, in naka ya dawo daga tafiya, ko ka yarda da tafiyar ko ba ka yarda ba, zaunar da shi ka ji ƙasa nawa ya shiga, wane ruwa ya sha, a ina ya kwana, me ya cije shi. Fushi zai iya jira. Na biyu, a gaban likita mara lafiya ne mai magana, babba ya yi shiru. Na uku, barcin rana da ya wuce misali ba kullum lalaci ba ne, a lalube wuya. Na huɗu, ga likitoci: in kun ga uba yana amsawa, ku fitar da shi. Ga matasa masu sha'awar irin tafiyar nan kuma, ba zan ce ku je ba, har yanzu ban ga abin da ake samowa ba. Amma in kun je kun dawo, ku faɗi inda kuka je ko da an hana ku.

Ina godiya ga likitar nan, da nas-nas da suka koya mana juya mara lafiya, da malamin ruƙiyya, da Yohanna. Allah ya san ajalin kowa, ban yi jayayya da wannan ba. Amma hanyar da ajalin ya bi, ni na share ta. Wanda ya karanta ya roƙa wa Ibrahim gafara, in ya sami sarari ya roƙa mini.

Abu ɗaya ya rage, kuma na yi ta tunanin ko in rubuta shi.

Washegarin arba'in, baƙi sun watse, na sami Hajara a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna nesa kaɗan. Don in ce wani abu, sai na ce, "Da ma mun san maganar ƙudajen nan da wuri."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mun sani."

"Wa ya sani?"

"Ni. Ranar da ya dawo, bayan ka fita masallaci, ya biyo ni kicin ya ba ni labarin kwale-kwalen. Ya buɗe mini kafaɗarsa na ga tabon. Ya ce tun daga nan zazzaɓi bai rabu da shi ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ban san ƙuda yana kawo barci ba, Malam. Wanda ya sani ya gaya maka, kai ba ka gaya mini ba. Da likita ɗaya ya tambaye ni, da na zazzage masa komai." Ta ture wata tsakuwa gefen faifan. "A gida ka ce kada a tada maganar. A asibiti kuma sau uku ina miƙewa kana nuna mini benci."

Ba faɗa ta yi ba, muryarta ko tashi ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintarta. Na zauna har aka kira azahar.